Man Guryar Bobo

Ban yi nisa a lakwal ba, aji huɗu na tsaya. Wanda ya ga rubutun nan ya karkace sai ya yi haƙuri. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Mu biyu ne, ni Isuhu da Sanda ɗan Gwaggo Hajo, ƙanwar babana. Taubashina ne. Tun muna yara shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa, har gemunmu ya fara fari ba a raba gardamar ba. Masunci ne a tabkin Madarumfa, ƙato, mai cin mutum uku, bai taɓa wuce Maraɗi da Ɗan Issa ba. Shekarar da kifi ya yi ƙaranci, gero kuma bai yi ba, ni na zuga shi muka fita neman aiki Burkina. Tun da ni na fito da shi, ni ke da nauyin maida shi gida. Ba wanda ya gaya mini haka, na sani kawai.

Wagadugu

Muna sauka tasha wani mutum ya tare mu da Hausa tsaf, ya ce shi mutumin Tawa ne, ya san inda ake ɗaukar leburori a gini. Ya kai mu bakin wani butiki, wato kanti, ya ce mu aje kaya nan, nashi ne, mu je mu ci abinci mu dawo. Da muka dawo ba shi, ba kaya. Mai butikin na gaskiya ya fito yana yi mana magana da yaren da ba mu ji, yana nuna hanya da hannu.

Barguna sun tafi, tufafi sun tafi, da komar kifin Sanda. Ya ɗauko ta tun daga gida wai ko za mu tarar da gulbi. Abin da ya rage tukunyar ƙarfe ce da ludayi, don suna cikin buhun da na rataya a kafaɗa.

Sanda ya dubi tukunyar ya dube ni. Ya ce, "Ka gani ko? Ɓarawo ma ya san bawa, ya bar maka kayan aikinka."

Tun daga ranar ni ne mai dahuwa. Kwana huɗu muka yi a tashar. Wata mai sai da wake ta lura da mu, kullum in ta zo tashi sai ta kankare mana ƙanzo a leda. Ba mu san sunanta ba, ba ta tambayi namu ba.

Hunde

Wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya ce ana ɗibar auduga a Hunde, ya ɗora mu bisa kaya. Wata biyu muka yi a gonar wani mutum mai shiru. Auduga fara fat har iyakar ganinka, ɓawonta kuma yana yanka yatsu kamar ƙaya. Da safe hannu ya ƙi rufewa, sai an kama aiki ya saki. In ka murza ganyen za ka ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe a jikinsa, har a kara. Na ɗauka kashin ƙwari ne.

Abincin gidan tuwon masara ne da miyar ganye, babu mai ko ɗigo. Sanda yana ci yana ƙunƙuni. Duk wanda ya gani sai ya tambaye shi ina ruwa a ƙasar nan. Aka nuna mishi wani kududdufi, ya je ya tsaya bakinsa ya daɗe, ya dawo ya ce ko kwaɗo mai hankali ba ya zama ciki. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. In ya ari waya ya kira matarsa sai ya ce mata muna lafiya, muna cin nama.

Bobo

Da aka gama ɗiba muka bi motar gurya zuwa Bobo. Gurya ita ce ƙwayar da ke cikin auduga, wadda ake raba ta da farin. A bayan gari akwai gidajen matsar man gurya, wasu manya, wasu kuma katanga ce kawai da ƙofar ƙarfe, babu allo babu suna. A irin na biyun muka samu aiki. Mu ɗauko buhu a ka, mu juye a bakin inji. Ta gefe guda tunkuzar ke fitowa, ita suke kira turto, masu shanu ke saye. Ta ɗaya gefen mai ke tsiyaya, da zafinsa, ja wur har yana neman baƙi.

Daga nan man yana wucewa wurin wani tsoho ana ce mishi Sibiri. Shi ke zuba shi a tano, wato gangar ƙarfe, ya sa soda da ruwan zafi, ya juya, ya bari ya kwanta, ya kwashe baƙin da ya taru, ya sake. Sai man ya koma fari-fari, ba ƙamshi, ba komai. Shi ake durawa a bido, wato jarka, a kai kasuwa.

Ni kuma ɗan mai matsar man gyaɗa ne. Uwata da wannan sana'a ta raine mu. Na tashi ina ganin ana soya gyaɗa, a niƙa, a murza, mai ya taso. A wurinmu man kirki shi ne wanda ya fito yanzu daga tunkuza, da launinsa da ƙamshinsa. Wanda ya yi fari ya rasa ƙamshi, an yi mishi haɗi ne, ko an cuce shi. Ban da haka na sha turke raguna da gurya, na ga yadda suke tumbatsa kafin Layya. Sai na ce a raina, mutanen nan ba su san mai ba. Suna wanke albarkarsa da soda su sai da ruwan.

Ƙarƙashin injin akwai inda jan man ke ɗiga a ƙasa, ba wanda ya damu da shi. Na tara gwangwani. Kwana uku na cika ƙaramin bido.

Sibiri ya gan ni da shi. Ya ƙwace, ya juye a tanonsa, yana faɗa da Julanci, yaren garin. Akwai wani direba Bazabarme da ke jin Hausa, ya fassara mini. Ya ce, "Tsoho ya ce ba a cin wannan. Ya ce sai an wanke. Ya ce yana taɓa mutum."

Na ji sarai. Ba zan ce ban ji ba. Na ce wa direban, "Gaya mishi tun kafin ya ga inji nake cikin mai." Na ɗauka rowa ce irin ta tsohon ma'aikaci da ke tsaron kayan mai gida. Daga nan na koma tara gwangwanina ta bayan inji, inda ba ya zuwa.

Man yana da ɗan ɗaci. Na gano in na soya albasa da tattasai da daddawa a ciki ɗacin yana ɓuya. Ranar da na fara yin wake da shinkafa na malala shi a kai na barbaɗa yaji, Sanda ya ci ya side kwano, ya jingina da bango.

Ya ce, "Bawa, yau na 'yanta ka rabi."

Na ce, "Saura rabin fa?"

"Sai ka samo kifi."

Haka muka zauna wata bakwai. Da safe garin rogo da mai, da rana wake da mai, da yamma tuwo da miyar da mai ke yawo a kanta. Ni ina ci daidai, cikina ba babba ba ne. Shi kuwa har tsiyaya shi yake a tafin hannu ya lasa. Kumatunsa suka dawo. Na ji daɗi, na ce ga shi zan maida shi gida ya fi yadda na ɗauko shi.

A wata na biyar ya fara cewa fatarsa na zafi in ya shiga rana, kamar an shafa mishi barkono. Kowa na jiƙe da gumi, shi a bushe. Buhun da yake ɗauka da hannu guda ya koma sai an ɗora mishi. Ya ce zuciyarsa na tsalle kamar kifin da aka jefa a kwalekwale. Ni ma ina jin kasala da ɗan zafin fatar, amma ba kamar nashi ba. Muka ce zazzaɓi ne, muka sayi ƙwayoyi a tebur. Bai sauka ba. Muka ce ko wani ne ya sa mishi hannu don ya fi kowa ƙarfi a wurin, aka yi mishi rubutu ya sha. Bai sauka ba.

Ni kuma da na ga ƙarfinsa na tafiya sai na ƙara mishi mai a abinci, don ya samu ƙarfi. Har cokali biyu nake ba shi ya sha zalla kafin mu fita aiki.

Wata safiya na idar da salla na ga bai tashi ba. Na ce, "Kai, kafirin masunci, rana ta fito." Ya ce, "Isuhu, ƙafafuna ba su nan." Bai ce bawa ba. Na ɗaga ƙafar na saki, ta faɗi kamar tsumma.

Sibiri ne ya kawo pus-pus, amalanken nan na hannu da ake ɗaukar buhu. Mu biyu muka ɗora shi muka tura har asibitin unguwa. Aka nemo wani mahauci Bahaushe, Malam Garba, da ya daɗe a garin, ya zama bakinmu. Likitar mace ce, ba babba ba. Ta auna shi, ta sa abu a ƙirjinsa ta daɗe tana saurare, ta ɗebi jini. Sai ta tambayi me muke ci. Na fara lissafi, wake, shinkafa, gari. Ta ce da wane mai. Sibiri ya dube ni, ya dubi tabon ja da ke gaban rigata, ya kama kansa da hannu biyu. Shi ya ba ta amsa.

Ta yi mishi magana, ya laluba aljihu ya fito da gurya, kowanenmu ba ya rasa ta a aljihu. Ta sa reza ta raba ƙwaya guda biyu, ta miƙo mini kusa da ido. Cikin farin akwai ɗige-ɗige baƙaƙe, ƙanana kamar bakin allura, irin waɗanda na gani a ganye a Hunde.

Malam Garba ya ce, "Ta ce ka ga waɗannan? Dafi ne. Gosifol suke ce mishi. Ta ce auduga ba ta da ƙafar gudu in tsutsa ta zo cinta, shi ne aka halicce ta da makaminta a jiki, a ganye, a kara, a saiwa, ya fi yawa a ƙwaya. In an matsa, yana bin man. Shi ne jan da kake gani. Sodar tsohon nan ita ke cire shi."

Na ce, "Raguna fa? Na ciyar da raguna da ita."

Ya tambaye ta. Ya ce, "Ta ce rago yana tuƙa, tumbinsa na ɗaure dafin kafin ya shiga jini. Mutum da kaza ciki guda gare su. Ta ce ba ya kisa rana guda, taruwa yake. Yana zubar da wani gishiri da ke cikin jini, wanda ke riƙe da jijiya da zuciya." Ya ɗan tsaya, sannan ya ƙara nashi. "Kai ma dai, ɗan'uwa. Gyaɗa daban, wannan daban."

Ban ji komai ba a lokacin. Ina kallon rabin guryar a tafin hannuna, ina tunanin na bar wake a jiƙe a ɗaki.

Aka sa mishi ƙarin ruwa. Kwana uku yatsun ƙafa suka motsa, kwana biyar ya tsaya da bango. Amma likitar ta ce zuciyar ta taɓu, ya kwanta wata guda ko fiye, ba aiki, ba tafiya. Mai injin da ya ji an kai ma'aikacinsa asibiti saboda mai, ya aiko a gaya mana kada mu sake taka ƙofarsa, yana tsoron hukuma ta zo ta duba wurin. Ɗakin da muke kwana nashi ne. Sibiri ya ce mu zo gidansa, yana da zaure.

Na zauna bakin gadon Sanda na gaya mishi duka. Na ce an hana ni tun farko, na ji, na ƙi. Na ce ni na yi mishi wannan.

Ya dubi rufi. Ya ce, "To da wa kake so ya kashe ni in ba bawana ba?" Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Amma wallahi ka iya miya."

Na ce za mu zauna gidan tsoho wata guda.

Ya ce, "A'a. Kai ni gida."

"Likita ta ce hanya za ta wahalar da kai."

"Likita ba ta da uwa a Madarumfa. Isuhu, kai ka kawo ni, kai za ka maida ni. In zan warke can zan warke. In ɗayar ce, ban son a rufe ni inda ba wanda ya san sunan ubana."

Kwana huɗu muna wannan. Ya daina cin abincin asibiti, ya juya mini baya. A na biyar na je na yanki tikiti. Na san abin da likita ta ce, kamar yadda na san abin da Sibiri ya ce. Ban san ko wannan karon ma kuskure na yi ba. Har yau ban sani ba.

Sibiri ya rako mu tasha da nonon ayaba guda cur, don likita ta ce tana maida gishirin nan. Ya kama hannun Sanda ya yi ta magana da Julanci. Ba mai fassara. Sanda yana cewa to, to, Baba, na ji.

Hanya

Kar, wato babbar motar fasinja, ta kai mu Wagadugu, wata ta ɗauke mu zuwa iyaka. Duk shingen da aka ce a sauka a nuna takarda, goya shi nake. Wani jandarma ya ga haka ya ce a bar shi a zaune, ya hau da kansa ya duba. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. In ya kwanta numfashi ya ƙi, sai a zaune. Ina ɓare ayaba ina ba shi, yana cin rabi ya ce in cinye saura, bawa ba ya ƙin ragowa.

A Yamai da muka hau gada ya ce in ɗaga shi ya ga ruwa. Na tallafe shi zuwa taga. Ya bi gulbin da ido har muka sauka. Ya ce, "Nan akwai giwan ruwa." Ya ce da komarsa na nan.

Muka kama hanyar gabas da hantsi. Na riƙa gaya mishi garuruwa. Ga Doso. Saura Dogon Dutsi, saura Ƙonni, saura Maraɗi, sai gida. Yana cewa uhm. Bayan Doso ya aza kansa a kafaɗata. Can na ji nauyinsa ya sake. Ba irin nauyin mai barci ba.

Na sani. Ban gaya wa kowa ba. Na gyara mishi hula, na riƙe shi kada ya zame in mota ta taka rami. Ina cewa a raina ko ƙauye guda muka ƙara, ya ƙara kusa da gida. Mun yi tafiya mai ɗan nisa a haka. Wata mata da ke kujerar gefenmu ce ta leƙo, ta dubi bakinsa, ta saki salati.

Direba ya tsaya a ƙauye na gaba. Ya ce ba zai iya wucewa da gawa ba, ga zafi, ga doka, ga sauran tafiya. Gaskiyarsa. Aka kira jandarma suka rubuta takarda. Motar ta jira har aka sauke shi, fasinjoji suka yi mini gaisuwa ta taga, ta tafi.

Mutanen ƙauyen ba su san mu ba. Limaminsu ya tambayi sunansa da na ubansa, na faɗa, ya maimaita sau biyu don ya riƙe. Wani dattijo ya shiga gida ya fito da farin yadi a naɗe, ya ce nashi ne da ya aje wa kansa, a yi amfani da shi, zai sayi wani in Allah ya ba shi kwana. Suka wanke shi, suka yi sahu uku, muka rufe shi bayan la'asar a gefen wata gonar wake. Ban yi kuka ba. Aka kawo mini fura na sha, har na ji ta yi tsami kaɗan.

Madarumfa

Labari ya riga ni ta waya. Na iske an yi kwana biyu ana zaman makoki. Na zauna cikin maza, ana ce mini ya haƙuri, ina cewa haƙuri sai ma'aiki. Matarsa ba ta fito ba, na aika mata da takardar jandarma da hularsa.

Rana ta uku Gwaggo Hajo ta aiko in shigo. Tana zaune a tabarma a ɗakinta, mata huɗu ko biyar kewaye da ita. Na durƙusa bakin ƙofa. Ta ce in matso, idonta ba ya gani sosai.

Ta ce, "Isuhu, an yi mishi sutura yadda ta kamata?"

Na ce an yi, sahu uku.

"Abu guda nika son in sani. Kada ka ɓoye mini. Ya sha yunwa can?"

"A'a, Gwaggo. Sau uku kullum."

"Wa ke dahwa mishi?"

"Ni."

"Kai da hannunka?"

"Da hannuna. Gwaggo, shi ne ma abin da nake son in gaya miki."

Na gaya mata. Jan man, da tsohon da ya hana ni, da gwangwanin da na ɓoye bayan inji, da cokali biyu na safe, da ɗige-ɗigen da likita ta nuna mini. Ban rage komai ba. Na sunkuyar da kai ina jira. Ko zagi ne, ko ta ce in fita mata daga gida kada ta sake ganina, na shirya.

Ta ce, "Gurya? Guryar da munka sha miyarta shekarun yunwa?"

Na ce wannan kaɗan ne kuke sa wa, jefi-jefi. Namu mai ne zalla, wata bakwai.

Ta kaɗa hannu. "Likitoci ba su rasa abin hwaɗi. Kwanansa ne ya ƙare, ɗan nan. Ni tsorona guda, a ce ɗana ya mutu da yunwa cikin ƙasar mutane, kamar marar kowa."

Na ce, "Gwaggo, ba ki gane ba. Ni ne."

Ta laluba ta samu kaina, ta aza tafinta a kai. Ta ce, "Kai ne ka ciyar mini da shi. Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka mai ciyar da kai ranar da ba ka iyawa."

Matan ɗakin suka ce amin. Ba ta ɗauke hannun ba, tana jira ta ji tawa.

Na ce amin.